Motar Baba Ba Ta Wuce Madawa

Litinin, 5 ga Mayu 1997

Yau muka dawo da Baba gida daga likita, kwana goma sha ɗaya da faɗuwarsa wurin alwala. Ɓarin dama ne. Ƙafa tana ɗan ja, baki ya karkace kaɗan, hannu kuwa yana kwance a cinya kamar na aro. Majo, babban malamin asibitin, ya ba mu wani ƙwallon roba, ya ce Baba ya riƙa matsa shi safe da yamma. Ya ja ni gefe ya ce in hannun ya yi wata biyu ko uku bai motsa ba, yatsun za su ƙage, shi ke nan.

Na sa wa Baba ƙwallon a tafi. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana murza sitiyarin babbar mota tsakanin Konni da Damagaram. Ya dube shi, ya dube ni, ya karkata cinya ƙwallon ya gangara. Akuyar Inna ta bi shi tana shinshina.

Ba zan yi wa littafina ƙarya ba: ina tsugune gabansa, rabin hankalina yana ɗakin gem na Rabilu. Ran 7 ga Yuni za mu kara a gasar wasan dambe na gem da samarin Illela ta Najeriya, kuma ni ne Konni ta sa a gaba. Allah ya shirye ni.

Laraba, 7 ga Mayu

Kasuwa ta ci, shagona na gyara cike da rediyo, ban gyara ko guda ba. Na ƙona yatsa da dalma sau biyu.

Asabar, 10 ga Mayu

Baba ba ya magana sai dole, don yana jin kunyar yadda take fita. Yau bayan la'asar ya kafe tsohuwar talabijin da ido, ya ce wani abu. Inna ta zaci ruwa yake so. Hadiza, ƙanwata da ta zo daga Malbaza jinya, ita ta gane. Ta ce, "Yaya, motarshi yaka tambaya."

Motarsa ita ce 'yar ja, akwatin wasan nan ja da fari da na shigo da shi daga Sakkwato tun 1991, da kaset rawaya mai wasanni da yawa. Cikinsu akwai na tseren mota, shi kaɗai Baba ke yi tun da ya ajiye tuƙi. Ko in ce shi kaɗai yake ɓatawa. Maɓalli biyu ne a dama, ɗaya na sannu ɗaya na gudu, kuma mai yana ƙonewa ko kana gudu ko ba ka yi. Baba bai taɓa danna na gudu ba. Yana bin hannunsa, mota ta zo ya ba ta hanya, ba ya wuce kowa a kwana. Har sunaye ya raɗa wa wurare: ga Tsarnawa, ga kwanar Galmi. Kullum mai yana ƙare masa daidai wani gida mai jan rufi, wai nan ne Madawa. Sai ya ajiye maneti, abin dannawan da ake riƙewa a hannu, ya ce mota lafiya, kaya lafiya, ya tashi alwala. Shekara biyar bai ga ƙarshen hanya ta farko ba. An ce sannu ba ta hana zuwa, to wanda ya yi karin maganar nan bai ga wasan nan ba.

Ni kuwa hanyoyin duka na cinye su tun watan farko, har ina iya yi ina cin gyaɗa.

Bara da na samo baƙar na'ura, sabuwa, abokai suka fara zuwa gida. Su tarar da tsoho ya tare talabijin yana rarrafe zuwa Madawa, abokin wasana Chindo yana ƙunshe dariya a hula. Na ji kunya. Na ɗauke 'yar ja na ba Mutari, abokina malamin lakwal, wato makarantar boko, a Dogarawa, na ce wa Baba ta mutu. Ya koma zama a ƙofar gida yana kallon motocin gaske.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na jona masa baƙar. Ai ita ma da tseren mota, ya ma fi kyau nesa ba kusa ba, har ƙarar taya ake ji. Na ɗora masa maneti a cinya. Maɓalli shida, hanya tana tahowa cikin ido kamar za ta buge ka. Kafin ya gane ina ne gaba motar ta daki dutse sau uku. Ya runtse ido, ya juya fuska bango. Inna ta ce in kashe wannan masifa.

Haushi ya kama ni, ban san na wa ba. Na tafi wurin Rabilu na lallasa Chindo sau tara a jere a wasan dambe, ban ji daɗin ko ɗaya ba. Chindo ya ce yau da aljanu na zo.

Talata, 13 ga Mayu

Ƙwallon roba ya ɓata. Hadiza na zargin akuya, ni ina zargin Baba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Bayan masallaci na hau mota zuwa Dogarawa. Zafi kamar a gasa mutum, motar kuma ta tsaya a Malbaza jiran fasinja har na fara ƙirga buhunan siminti a wata tirela don kada in zagi direba. Duk hanya ƙafata tana taka totur ɗin da babu.

Mutari ya tarbe ni da fura, ya tambayi jikin Baba. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya kama sosa ƙeya. Babu wutar lantarki a gidansa, da batirin mota yake kunna 'yar ja, ɗalibai kuma suka mai da gidansa lakwal ta biyu har iyaye suka kai ƙara wurin darakta. Tun kaka ya ba surukinsa Takama, tela a Illela. Illelarmu ta arewa, ba ta bakin iyaka ba.

Ya ce mini, "Kai da kac ce tsohon yayi ta, mi za ka yi da ita?" Na ce aiki ne. Ya san ni tun muna aji uku, bai ƙara tambaya ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Illela. Na sauka Badagishiri na yi awa biyu ina jiran wata motar, na iso rana tsaka kai na sara.

Takama mutum ne mai fara'a, ga surutu kamar kekensa. Ya ce ai 'yar ja ta yi musu rana, shi da matarsa Aishatu suna wasan tankoki kowace yamma, ita tana harbe gidansu da kanta suna dariya, ba su taɓa wuce mataki na uku ba. Na ce a raina, ashe irin Baba suna da yawa a ƙasar nan. Sai wata rana ya juya wayoyin batir, ja a wurin baƙi. Hayaƙi ya tashi, shi ke nan.

Ya jawo ta daga ƙarƙashin teburin yanka. Ta yi ƙura, farin ya koma ruwan ƙasa, ramin kaset cike da allurai da maɓallan riga, don nan Aishatu ke ajiyarsu. Ga tabon da na yi mata da sigari a 1992, ga igiyar maneti da na ɗaure da zaren lilo. Ban san zan ji wani abu ba sai da na ɗauke ta. Ba nauyi, kamar ƙwaryar da aka shanye. Na tuna ranar da na kwance ta daga kwali, duk unguwa ta cika tsakar gidanmu, har liman ya leƙo. Na goge mata ƙura da hannun riga.

Da Takama ya ji don wa nake nema, ya rantse ba zai karɓi komai ba. Aishatu ta zazzage alluranta a faranti, ta nemo kaset ɗin rawaya a cikin kwanon jere, ta naɗe mini duka a ƙyalle. Ta ce in gaida tsoho.

Wato ƙaryar da na yi bara ta zama gaskiya da kanta. Ta mutu ɗin.

Litinin, 19 ga Mayu

Na rufe shago daga ciki na buɗe ta. Ɗan abin da ke daidaita wuta ne ya ƙone, da wasu ƙanana biyu kusa da shi. Na ciro irinsu daga wata matacciyar rediyo. Sau uku na sake duba aikin, ni da nake buɗe talabijin ɗin kwamandan jandarma ba gargada.

Na jona. Allo ya yi shuɗi, ba komai. Na zare kaset na hura masa iska, kamar yadda muke yi a da, na mayar. Layi-layi. Na sake hurawa, na goge haƙoransa da bakin riga. Sai ga ɗan kiɗan nan, siriri kamar kukan sauro.

Na yi hanya ta farko a tsaye, don gwaji kawai. Minti biyu na kai ƙarshe. Hannu bai manta ba.

Alhamis, 22 ga Mayu

Jiya na kai ta gida. Da kiɗan ya tashi Baba ya ɗago kai tun daga kan tabarma, Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu. Na ce, "Baba, na samu na gyara ta." Ya daɗe yana kallona. Sannan a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, ya ce, "Mai gyara yac ce ta mutu. Wa za ya musa?"

Ashe ya sani. Shekara guda ya sani. Da ƙasa za ta tsage da na shige, kuma har yanzu da nake rubutu kunnena zafi yake.

Sai matsala ta fito. Sitiyari a hagu yake, wannan hannun lafiya lau. Totur a dama. Ya yi ya yi, babban yatsa ya ƙi ɗagawa. Motar tana tsaye a bakin layi mai yana ƙonewa. Hadiza ce ta ce in zauna damansa in danna masa. Haka muka yi: maneti ɗaya a cinyarsa, shi da sitiyari, ni da totur kamar aparanti, wato yaron mota, mataccen hannun a tsakaninmu. Ya ce na sannu. Na danna na sannu.

Wayyo, azaba. Motoci suna wuce mu fiu, fiu, yatsana yana ƙaiƙayi. Ya ce Tsarnawa. Can ya ce Galmi. Mai ya ƙare a gida mai jan rufi, ya sauke numfashi. Ya ci tuwo da yawa jiya, Inna ta lura.

Juma'a, 23 ga Mayu

Na yi wauta.

Mun wuce kwanar Galmi, hanya ta miƙe babu mota ko ɗaya, sai zuciya ta ce mini tsohon nan shekara shida bai ga ƙarshen hanya ba, ka yi masa alheri. Na zame yatsa zuwa na gudu. Wallahi ya tuƙa. Da hannu ɗaya ya kauce wa motoci huɗu, ya bi ta tsakanin biyu, ni kaina na yi mamaki. Muka wuce jan rufi kamar walƙiya, muka ƙetare gada, tuta ta fito, kiɗan nasara ya tashi. Na yi ihu, na ce Baba mun kai.

Ya ture maneti ya faɗi ƙasa. Maganarsa ba ta taɓa fita sarai haka ba tun da ya kwanta.

"Wa yac ce ka taka? Shekara talatin da ɗaya, aparanti bai taɓa taka mani totur ba. Ka kai ni inda ban san kowa ba."

Ya sa Hadiza ta kama shi suka shiga ɗaki. Ni aka bari da kiɗan nasara.

Har yanzu ina ganin ban yi laifi ba. Wasa ai don a ci ake yinsa. In ba za ka kai ƙarshe ba, me ya sa ka tashi motar? Na faɗa wa Inna haka, ta ce ubanka ya raka abokansa shida makwanci, dukansu sun fi shi sauri. Ta ci gaba da tankaɗe.

Talata, 27 ga Mayu

Kwana huɗu bai kalli talabijin ba. Na kunna, na bar kiɗan yana yi, ya juya baya. Hadiza ta ce yatsun sun fara lanƙwashewa ciki, da safe sai ta buɗe su da ruwan ɗumi. Wata guda ya wuce cikin abin da majo ya ɗiba.

Ba na iya zama shago, ba na iya zama gida. Na je wurin Rabilu na yi atisaye, Chindo yana ta lissafa mini dabarun 'yan Illela, wai akwai wani mai suna Ɗan'azumi da ba a taɓa kayar da shi ba. Na ji shi kamar rediyon maƙwabta.

Hadari ya haɗu gabas, ya watse.

Lahadi, 1 ga Yuni

Na ba shi haƙuri. Ban iya ba, amma na yi. Na durƙusa bakin gado na ce na tuba, da na gudun da na bara. Na bara ya fi wuyar fita. Ya ci gaba da jan tasbaha da hagu. Da na tashi zan fita ya ce, "Bayan la'asar."

Bayan la'asar muka zauna. Kafin in kai yatsa ya sa hannun hagu ya ɗauko na dama, kamar mai ɗauko ɗan tsako, ya ɗora babban yatsan a kan maɓallin sannu. Ya ce in danna ta bisa nasa. Wato bai yarda da ni ba, ya tare wurin. Yatsan sanyi ƙalau, ga taushi, ba irin hannun da ya taɓa marina ba.

Mun kai Madawa sau uku. A na ukun ya ce nan yake tsayawa shan shayi, wurin wani Buzu mai ido ɗaya. Na ce a wasan ko a gaske? Ya yi mini kallon da yake yi wa jandarman da bai san aiki ba.

Laraba, 4 ga Yuni

Ruwan farko, da ƙarfi. Wuta ta ɗauke tun azahar, ba mu yi tafiya ba. Baba ya yi ta tsaki kamar wanda aka tsare a duwan, shingen kwastan.

Asabar, 7 ga Yuni

An yi gasar. Ɗakin Rabilu ya cika har taga, 'yan Illela sun zo a kan babura takwas. Na kayar da biyu. Na uku shi ne Ɗan'azumin, ɗan siririn mutum, ba ya ko ƙifta ido. Mun yi ɗaya da ɗaya. Ana cikin zagaye na ƙarshe aka kira la'asar a masallacin tasha, sai na ji kaina ina lissafin ko Hadiza za ta iya jona waya a bayan talabijin. Kafin in dawo hayyacina mutumina yana ƙasa.

Chindo ya ce na zubar da mutuncin Konni, ya ce tun da na koma wasan tsofaffi hannuna ya mutu. Na so in ji zafi sosai. Na ji, amma bai kai yadda na shirya masa ba. Ban tsaya ganin sauran ba.

Na tarar Hadiza ta jona daidai, ita ke danna masa. Da ya gan ni ya ce ta tashi, aparantinsa ya zo. Bai tambayi gasa ba, ban faɗa ba.

Alhamis, 12 ga Yuni

Ban so in rubuta wannan ba kada in yi masa baki, amma dole.

Yau muna tafiya, yatsana bisa nasa kamar kullum, sai ƙuda ya dame ni a ido. Na ɗaga hannu na kore shi ban yi tunani ba. Motar ba ta tsaya ba. Na bar hannuna a sama. Tun daga Tsarnawa har kusa da kwanar Galmi yatsan nan yana danne shi kaɗai, farcen ya yi fari, gumi yana bin wuyan Baba. Sannan ya saki, motar ta yi sanyi ta tsaya a tsakiyar daji.

Inna tana bakin ƙofa ta sa gefen zane a baki. Baba ya dubi yatsan, ya ce, "Gobe Galmi." Ya miƙa wa Hadiza hannu ta kai shi alwala.

Majo ya ce mu kawo shi Litinin ya gani. Rabilu ya aiko wai za a rama gasa watan gobe a Illela, in fara shiri. Na ce zan duba.

Da suka tashi na zauna zan kashe na'urar, sai na ce bari in gwada maɓallin sannun, ko ya fara saki don dannawar mutum biyu. Gwaji ne kawai. Ashe bayan Galmi akwai wasu itatuwa uku a jere a hannun dama, da wani abu kamar rijiya. Gidan mai jan rufi kuma yana da 'yar taga, da wani ɗigo a ƙofa da za a iya cewa mutum ne zaune. Shekara shida ina wucewa ta nan.

Mai ya ƙare mini a Madawa. Maɓallin lafiyarsa lau. Na ɗan zauna a wurin har aka kira magariba.